Na Kai Adiza Ta Ga Inda Za Ta Kai Gawata

Tun da muka dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. In na zauna a bencin Alhaji Danjuma, sai a ce, "Baba Ilu, yaya Najeriya?" In na fito daga masallaci, "Baba Ilu, yaya mutanen gida?" Har mai ƙosan bakin kwata, wadda ba ta taɓa wuce Ejisu, nan bayan Kumasi, ba, tana so ta ji ko an yanka mana rago. Ni kuma kullum sai in ce lafiya lau, suna gaishe ku. To, ƙarya nake yi. Ba wanda ya ce in gaishe ku, don ba su san da zamanku ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta, mai karatu ya karanta wa maras karatu. Bokona aji uku ne na makarantar dare, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙar da abinsa, kada ya zo mini gida.

Saboda yaran da suka taso suka gan ni a unguwarmu ta Akwatialine suna zaton a nan aka haife ni: ni mutumin Tsamiya ne, can bayan Kazaure. Ina saurayi na biyo fataken shanu, da niyyar in ga Kumasi in koma kafin damina. Daminar ce har yau ban cim mata ba. Na zauna a kasuwar Kejetia ina sayar da takalma, na auri Akosua, 'yar Tonawa, wato mutanen Asante, ta musulunta ta zama Adiza. 'Ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, sun bar mu muna kallon juna.

Tonawa suna da wata al'ada da kuka sani. Mutum ko a Jamus ya mutu, sai an sa shi a firji an kawo shi garinsu. Wanda aka rufe a baƙon wuri, a wurinsu ba shi da kowa ke nan. Yayyen Adiza sun yi shekaru suna yi mata gori da wannan, wai ta auri mutumin da ba shi da gari, in ya mutu sai dai a tona masa a gefen hanya. Ni kuma ina ramawa da baki. Na ce musu gidanmu zaure uku ne, in aka dama fura a gidanmu sai rabin gari ya sha. Wani abin gaskiya ne, wani kuma na ƙara masa gishiri daidai misali.

Bara da ciwo ya kwantar da ni a asibiti, zazzaɓi ya hau mini kai, sai na ce, "Adiza, in na tafi ki kai ni kusa da Inna." Na warke na manta. Ita ba ta manta ba.

Ta ce, "Malam, ka yi magana. A wurinmu maganar mai ciwo ba ya faɗi ƙasa. Amma ban san hanya ba, ban san mutanenka ba. Zan ɗauki gawa in tsaya a tasha ina tambaya? Ka kai ni in gani tun kana numfashi."

Alhaji Danjuma, kai ka fara yi mini dariya, ka ce Musulmi inda ya faɗi nan ake rufe shi, kafin la'asar ma in da hali. Na sani, Alhaji, ni ma na je makarantar allo. Abin da ban gaya maka ba shi ne, a raina na ce in na je suka ba ni ko ɗakin Baba ne, sai in koma da ƙafata, in ƙarasa kwanakina a can, ba sai an kai ga firji ba. Wurin kwanciya na je nema, da rai ko ba rai.

Hanyar arewa da muka bi da shanu, ta Bolga da Wagadugu, an ce yanzu ba ta biyuwa, saboda haka muka bi ta bakin teku. Adiza ta haɗa kaya kamar mai ƙaura: turamen atamfa na yayata, goro ƙwarya guda, garin rogo, da kwalbar shito, yajin nan nasu baƙi mai kifi. Turmin fufu kaɗai na hana, shi ma da ƙyar. Muka hau mota zuwa Ankara, babban birnin Gana, daga nan muka kama ta Aflao, bakin iyakar Togo. Tun ba mu bar Kumasi ba ta fara aikinta. Kowane gari muka shiga sai ta tambayi sunansa, ta maimaita a bakinta kamar mai tilawa. Da muka tsaya cin abinci sai na ji ta tana tambayar direba da Tonanci, wai in kaya dogo ne, a sama ake ɗaure shi ko yana shiga but? Direba ya ce ya danganta da tsawonsa. Sai ta juyo ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce kamar haka. Direba ya zaci katifa ce. Ni na ƙi cin abincin.

A Togo da Binin Faransanci ake yi. Na gaya wa Adiza ta bar mini magana, don na taɓa sayar wa mutanen Abijan takalma. Na ce wa ma'aikacin iyaka bonju, ya amsa da wani dogon zance, na sake ce masa bonju. Wata 'yar kasuwa da ke bayanmu ce ta cece mu, ta ce tambaya yake ina za mu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma taurinsa ɗaya da ita, ya kusa tafiya da haƙorina na gaba, wanda dama da lallashi yake zaune. Amma Adiza ta ci fufu a Lome ta ce mutanen kirki ne. A Kwatano kuwa masu babur sun fi ƙudan mahauta yawa, kowa da rigarsa mai launi ɗaya, wani ya ɗauke ta da kaya ya yi gaba, wani ya ɗauke ni ya yi wani wajen, muka yi ta neman juna a tasha kamar sababbin aure. Da na gan ta, abin da ta fara cewa shi ne, "Wannan wuri zai ba ni wahala ranar."

Kafin iyakar ƙarshe na shiga bayan wata rumfa na sa babbar rigata, na karya hula. Na ce ƙasata zan shiga, ba zan shiga kamar ɗan dako ba. Allah ya haɗa mu da ma'aikaci Bahaushe, yaro mai ladabi. Na miƙa masa takardunmu na ce, "Ɗana, na dawo gida."

Ya duba, ya ɗago, ya ce, "Sannu da hanya, Baba. Ziyara ke nan? Kwana nawa za ku yi?"

Na ce, "Wane irin kwana nawa? Ni ɗan Kazaure ne."

Ya ce, "Allah Sarki. Ai na ji harshen ya ɗan yi Gwanja. Amma takardar ta Gana ce, Baba, dole in rubuta."

Ya rubuta mana kwanakinmu kamar yadda ake rubuta wa kowane baƙo. Ina cikin haɗiye wannan, sai Adiza ta leƙo ta kafaɗata ta tambaye shi wace takarda ake bukata in za a wuce da gawa. Yaron ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," ya buga hatimi da sauri.

A Ikko muka sauka Agege, gidan wani dillalin goro mutumin wajenmu, wanda ke saukar da baƙi. Nan aka fara raba mu: ita cikin gida wurin mata, ni shago da maza a kan tabarma. Aka tambaye ni ɗan wane gida ne a Tsamiya. Na faɗi sunan mahaifina, ba wanda ya san shi. Na faɗi sunan wana Musa, wani ya ce kamar ya taɓa ji. Na shiga lissafa abokan wasana, duk wanda na ambata sai a ce Allah ya jiƙansa, har na ji kunya na daina, kada a ce ni ke kashe su.

A gidan aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, irin wanda na yi shekaru ina gaya wa Adiza cewa da sarkin Asante zai ɗanɗana da ya bar fufu. Da safe na tambaye ta yaya ta ji. Ta ce, "Ba laifi. Sun manta barkono ne kawai, da kifi, da nama." Na yi mata faɗa a kan raina abincin mutane. Abin da ban gaya mata ba, nawa cikin ne ya yi tawaye, na wuni ina sintiri da buta, kuma da aka sake kawo tuwon sai da na aika a roƙo mini shito a wurinta a ɓoye.

Motar Kano doguwa ce, tafiyar ma doguwa. Ba zan gajiyar da ku da ita ba, duwawuna ya gaji a madadinku. Daga Kano muka kama ƙaramar mota zuwa Kazaure, daga nan babur biyu zuwa Tsamiya. Na ce wa mai babur ba sai ya tambayi kowa ba, ni zan nuna hanya, in ya ga babbar tsamiya ya karya dama. Muka yi ta tafiya ba tsamiya. Muka ƙare a bayan wata makarantar firamare, awaki suna kallonmu. Ashe an sare ta tun tuni, sunan kawai aka bari. Na tambayi wasu masu zama a gindin bango gidan Malam Audu, mahaifina, ba wanda ya sani. Sai da na ce gidan Nasiru ɗan Musa, sannan aka nuna mana da baki.

Nasiru ɗan wana ne, shi ne maigida yanzu tun da Musa ya rasu. Bayan tafiyata aka haife shi, muryata kawai ya sani a waya, ita ma daga Salla sai Salla. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Sannu da zuwa, Baffa," ya karɓi kaya. Zaure uku da nake faɗa saura ɗaya. Gidan an yanka shi da katanga gida-gida, kowa da ƙofarsa.

Mutum ɗaya ce ta rage da ta san ni da wando guntu, yayata Kande. Idonta ya tafi, sai inuwa take gani. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta yi kuka, sannan ta ce, "Auta, ashe ka fi ni lalacewa." Ta kamo Adiza ta ce, "Wannan ce amaryar? An daɗe ana kawo ta." Aka yi dariya, aka yanka kaza, aka kawo fura. Kada in ci amanarsu, ba su rage mu da komai ba. Aka share mana shagon Nasiru, aka tura buhunan taki gefe, aka shimfiɗa katifa. Yara suna leƙe suna cewa ga Baba Gana da matarsa mai Hausar maza, don Adiza ko akuya ce ta haihu sai ta ce ya haihu.

Yanzu ga inda abin ya karkace, ku saurara da kyau. Kun san yadda Tonawa ke karɓar baƙo. A ba shi kujera, a ba shi ruwa, ya bi mutane da hannu daga dama zuwa hagu, sannan mai gida ya tambaye shi amaniye, wato abin da ke tafe da shi. Ko sun sani sai sun tambaya, kuma baƙo ba ya buɗe bakinsa kafin a tambaye shi. Mu kuwa a wurinmu, ka tambayi baƙo me ya kawo shi, ai ka kore shi ke nan. Sai a yi ta ba shi tuwo har ya gaji ya faɗa da kansa.

To, Adiza tana jira a tambaya, su kuma suna jira mu faɗa. Kullum da safe sai ta yi wanka ta ɗaura zane mai kyau ta zauna a ƙofar shago da ƙwaryar goronta a gefe.

"Malam, yau za su tambaya?"

"Wataƙila gobe."

"Wane irin mutane ne? Mun zo daga Kumasi, ba wanda ya ce me ya faru? Ko sun raina ni ne?"

Na ce ba raini ba ne, ladabi ne. Ta ce ladabin da ban mamaki yake.

Za ku ce me ya hana ni in yi wa Nasiru magana da kaina. Na gwada. Amma duk sanda na gyara murya na ce, "Nasiru, dama akwai wata 'yar magana," sai ya riga ni. Ya ce Baffa, gonar nan ta ƙanƙance, an raba an sake rabawa. Ya ce Baffa, bakuna sun yi yawa a gidan nan, taki ya yi tsada, bana ruwa ya ɗauke da wuri. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Sai na gane abin da ke ransa: tsoho ya ɓace shekara da shekaru, ya dawo da mace baƙuwa, ya zauna ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi, me zai nema in ba rabonsa na gona ba? Ni kuma girman kai ya hana ni cewa ɗana, ba gona nake so ba, rami nake so.

Na dai roƙe shi ya kai ni maƙabarta. Adiza ta ɗauko mayafi za ta bi mu, aka ce ai mata ba sa zuwa maƙabarta. A nan Kumasi ko mu Musulmi mun koyi kafa ɗan allo da suna. Can babu. Fili ne da ƙananan tudu da fasassun tukwane, gefe guda kuma kwari ya ci ya tafi da shi. Na ce, "Ina Inna?" Nasiru ya miƙa hannu ya zagaya da shi kusan rabin filin, ya ce, "Ta wajen nan ne, Baffa. Ko ta can. Ai ba a sa alama. Mu yi musu addu'a gaba ɗaya." Muka yi wa kowa da kowa. Da na dawo Adiza ta ce, "Ka ga Inna?" Na ce na gani. Ta ce, "Akwai wuri kusa da shi?" Na ce wuri kam akwai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maza suka taru a zaure don gaishe ni: liman, mai unguwa, maƙwabta, da Nasiru. Ana cikin hirar farashin gero sai na ji ƙarar takalmin da na sani, don ni na sayar mata da shi. Adiza ce, cikin farin leshi da mayafi, da ƙwaryar goro a hannu. Ta gaji da jira. Ta ga dangi sun taru wuri ɗaya, a lissafinta ranar ke nan.

Ta yi sallama, ta ajiye goro a tsakiya, ta fara daga dama kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya. Na farko liman ne. Ta miƙa masa hannu, ya janye nasa cikin hannun riga kamar ya ga kunama. Ba ta karaya ba, ta wuce na gaba, shi ma ya sunkuyar da kai. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu a miƙe. Mai unguwa kaɗai, tsoho ne da ba ya ji ba ya gani sosai, ya kama hannun ya girgiza da ƙarfi yana cewa, "Sannu, Alhaji, yaushe a gari?"

Sannan ta tsaya a tsakiya, ta sa hannu ɗaya a kan ɗaya, ta ce:

"Iyayena, ba ku tambaya ba, amma zan faɗa. Ba mugun abu ya kawo mu ba. Wannan mutum ɗanku ne. Na riƙe shi shekara da yawa, ban cuce shi ba, bai cuce ni ba. Yanzu ya tsufa. Ya ce in ya mutu in kawo shi kusa da mamansa. Na zo in san wanda zai karɓi gawa a hannuna, in san inda za a sa shi. Kada ranar ya zo ku ce Batoniya ya cinye ɗanku ya jefar a daji. Abin da ya kawo mu ke nan."

Wallahi a garinsu da tafi za a yi mata. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta yi tuntuɓe ba. A zaurenmu kuwa ba wanda ya tafa. Wani ya ce a'uzubillahi. Wani a bayana ya ce a hankali, amma na ji, "Mijin yana zaune tana sa masa rana."

Nasiru ya ce, "Baffa, da ka shigar da iyalinka ciki."

Adiza ba ta motsa ba, don a wurinsu sai an ba da amsa.

Ya ce, "Baffa, in maganar gona ce, a faɗe ta a fili gaban liman, ba sai an biyo ta maƙabarta ba."

Na ce, "Ba gona ba ce, Nasiru. Abin da ta faɗa shi ne."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Wannan saukar kafaɗar ta fi komai yi mini ciwo, har yau ina ganinta. Sai murya ta yi masa laushi, ya ce, "Haba Baffa, ai gawa ba a yawo da ita. Inda Allah ya karɓi ranka, nan ce ƙasarka. Ko ba haka ba, Malam?" Liman ya ce haka ne, ya kawo bayani mai kyau, wanda ni ma na sani.

Na ce tun da an fasa, bari in ƙarasa. Na ce, "To in na dawo da raina fa? Ɗakin Baba yana nan?"

Ya ce, "Ɗakin Kaka? Ai ya faɗi tun ina yaro. Nan ne turken awakin ƙanena Sani yanzu. Ka dai ga gidan da idonka, Baffa. Amma duk sanda kuka zo ziyara, shago yana nan."

Suna magana da sauri, Adiza ba ta kama duka ba. Ta matso ta ce mini, "Sun karɓa?" Na ce ta shiga ciki, zan gaya mata. Ta durƙusa ta yi musu godiya, ta fita. Goron kuwa an raba, ba wanda ya bar nasa.

Yaya Kande ta ji komai ta bayan katanga, don idon ne ya tafi, kunnen yana nan. Da la'asar ta aika a kira mu. Ta kama hannun Adiza, hannun nan da aka ƙi karɓa, ta riƙe shi a cinyarta ba ta saki ba.

Ta ce, "Amarya, ke kin yi abin da ake yi a gidanku. Ba ki da laifi." Sannan ta juyo inda take jin numfashina. "Kai kuma Auta, ka san Inna ba ta cin goro. Amma duk sanda aka ce fatake sun dawo daga Gwanja, sai ta ɗauki mayafi ta je ta saya, don ta samu bakin tambaya ko sun gan ka. Ta dawo ta ba ni in ci. Haƙoran nan nawa a kanka suka yi ja. Ta jira ka da ranka har ta gaji ta tafi. Yanzu gawarka za ka aiko mata? Ta yi me da ita?"

Kun san ni, ba a rufe mini baki. Na lalubi abin dariya a cikina in mayar mata, ban samu ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ni kaina ban san inda take ba. Waɗanda suka haƙa duk sun bi ta. In an kawo ka, tsakanin baƙi za a sa ka, a nan ma. Ga baiwar Allah ta tsallake ƙasa huɗu tana nema maka rami. Ka kwanta inda za ta riƙa wucewa."

Adiza ta gane wannan duka, don Yaya a hankali take magana. Ta zare hannunta, ta shiga shago ta fara ninke kaya.

Da za mu tafi Yaya ta ba mu daddawa da kuka a ƙulli. Nasiru ya ɗauki jakarmu har bakin titi da fara'arsa, wadda ban gan ta ba sai ranar, ya ce Allah ya tsare, a gaida yara. Ba mugu ba ne, kada ku zage shi. Yaro ne da bakuna a wuyansa, aka ce masa ga baffanka, alhali bai taɓa cin ko alewata ba.

A hanyar dawowa Adiza ta daina tambayar sunayen garuruwa. Ni ma na ninke babbar riga na sa a ƙasan jaka. Sai da muka tsallako Aflao, ta ji ana Tonanci a tasha, ta sayi ruwa ta sha, sannan ta ce, "Zan gaya wa yayyena kana da gari. Na gani da idona. Sauran ba ruwansu." Can kuma ta ce, "Ni ma na gaya musu tun tuni kada su ɗauke ni, da Musulmi zan kwanta. Na zaci ko kai kana da wuri."

To, kun ji yadda Najeriya take, kun ji yadda mutanen gida suke. Lafiyarsu ƙalau.

Saura magana ɗaya, kuma wannan karon ba zazzaɓi ke yin ta ba. In ranar ta zo, Tafo za ku kai ni, maƙabartarmu ta nan, inda turoturo, motocin hayan nan na garin Mampong, ke wucewa ta gefen katanga. Ku za ku ɗauka, don ba wasu. Alhaji Danjuma, kai da gwiwarka ka bi baya, kada ka kama makara ka kayar da ni a gaban Tonawa. Ku yi sauri kamar yadda aka saba. Kuma kada kowa ya buga waya Tsamiya sai kun dawo kun wanke hannu. In Yaya tana da rai, a gaya mata a hankali. In ba ta, ku bar yaran nan su yi nomansu, kada a ɗora musu wahalar shimfiɗa tabarma suna karɓar gaisuwar mutumin da za a yi ta tambayarsu wane ne.